Taku Ashirin da Biyu na Kawu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗa, na sake faɗa, har bakina ya gaji, amma zuciyata ta ƙi bin bakin. Kawu ya rasu, yayan mahaifiyata, tsohon da ya fi kowa daɗewa a layinmu na Tandabawi. Kwana uku aka jera kujeru a ƙofar gidanmu ana karɓar gaisuwarsa, kamar yadda ake yi a nan Makka.

Ni ina sama wajen mata, ina zuba gahawa ina miƙa dabino. Maƙwabciyarmu ta gidan da ke kallon namu, wadda ta yi shekara da shekaru tana leƙen Kawu ta tagar kicin ɗinta, ita ta fi kowa kuka. "Allah sarki bawan Allah," in ji ta, "ko ƙuda bai taɓa kashewa ba." Matar limamin masallacin layi ta ce ai irinsu ne waliyyan da Allah Yake ɓoyewa a cikin jama'a. Wata kuma, bakinta cike da shinkafa, ta ce ita tun farko ta san mutumin nan ba banza ba. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ba don kunyar mamaci ba, da na kife musu butar gahawar nan a cinya. Yo a cikinsu wa ya ga gawar ma? Ko ni ban gan ta ba.

Ta taga ina hango maza a ƙasa. Maigidana, Malam, shi ne a farkon layin masu karɓar gaisuwa. Ya sha farar jallabiya, ana ba shi hannu ana cewa Allah Ya ba da haƙuri, yana sunkuyar da kai. Samarin 'ya'yana biyu, haihuwar nan ƙasar, waɗanda Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" ba, suna gefensa suna amsawa da Larabci. Zan dawo kan Malam, ban manta da shi ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, kabari a Makka ba shi da suna, mu mata kuma ba ma zuwa maƙabarta. Kawu ba shi da ɗa, matarsa ta riga shi rasuwa tun yana Kano, ba shi da iƙama, wato takardar zama. Ya zo Hajji ne ya ƙi komawa, kamar dubban 'yan uwanmu da ake kira takari. In ban rubuta ba, nan da Hajji biyu za a ce wani tsoho ne mai aswaki, wai ko ina ya shiga.

Ni sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Lokacin da Malam ya samu gurbin karatu muka taho, Kawu ne ya tarbe mu, shi ya samo mana hawa na biyu a benen da yake zaune. Shi kuwa ɗakinsa na can saman rufi, ɗan akurki na langa-langa kusa da tankin ruwa. Da ƙarfinsa arabiya yake turawa, keken nan da ake ɗora tsofaffin alhazai a kai su Safa da Marwa. Lokacin Hajji ya tafi Arfa aikin shara. Da gwiwa ta fara gardama sai ya koma sayar da aswaki a bakin hanya, yana yankawa da wata tsohuwar wuƙa mai ƙotar katako da ba ya bari kowa ya taɓa.

Halayensa kuwa, sai wanda ya gani. Sau ɗaya yake cin abinci a yini, kafin Azahar, kuma duk abin da na kai masa a kwano ɗaya yake haɗawa: shinkafa, miya, yankan kankana, in akwai kunu ma ya tuttula. Na ce, "Haba Kawu, wannan ai cin mutuncin girki ne." Ya ce, "Uwata, can ciki za su haɗu, na rage musu tafiya ne." Jallabiyarsa biyu, bargo ɗaya. In kana masa magana yakan yi shiru na ɗan lokaci kafin ya amsa, har ka ɗauka bai ji ba. In kuwa ka zo masa a fusace, tambaya ɗaya ce da shi. Ni na fi kowa shan ta, don Allah Ya yi ni da saurin hawa. Zan hau sama ina huci, ina ba shi labarin wadda ta zuba min ruwan wanki a ƙofa, sai ya bari na kai tsakiya ya ce, "Uwata, ina ƙafarki?" In ce wace irin tambaya ce wannan. Ya ce, "Bakinki yana gidan maƙwabta, kanki yana jiya. Ƙafar fa, tana ina? Me take takawa, sanyi ko zafi?" Sau tari haushin tambayar ya fi na maƙwabciyar, amma kafin in gama duba ƙafar sai in ji numfashina ya sauka.

Wannan tambaya daga Tailan ya zo da ita, kuma ita ce mafarin duk abin da ya same shi.

Kafin Makka Kawu fataucin duwatsu masu daraja yake yi. Ya saro shuɗin dutse daga tsaunukan Mambila ya kai Tailan inda ake gogewa, har ya iya yarensu na kasuwa. A can abokin tafiyarsa, ɗan unguwarsu, wanda suke cin tuwo kwano ɗaya, ya kwashe duwatsun duka ya gudu. Kawu bai taɓa ɓoye min abin da ya yi niyya ba. Ya ce, "Wuƙa na saya, na bi shi gari-gari. Ba duwatsun nake nema ba, wuyansa nake nema." A wani ƙauye can cikin ƙasar zazzaɓi ya kayar da shi a tashar mota. Mutanen ƙauyen ba su san inda za su kai baƙon mutum ba, sai suka ɗauke shi zuwa daji, wurin masu zuhudun addinin Buda, waɗanda ke zaune a 'yan bukkoki a gindin itatuwa da mayafi ruwan ƙasa, ba sa taɓa kuɗi, ba sa cin abinci bayan rana ta take. Damina guda ya yi a wurinsu.

Babbansu wani tsoho ne da Kawu yake kira Tsohon Daji. Ranar da Kawu ya fara iya tashi, tsohon ya nuna masa inda rana take faɗuwa, ya ce ya ji Musulmi can suke fuskanta, ya sa aka ajiye masa tulun ruwa a bakin bukka. Sannan ya zaro wuƙar daga jakar Kawu, ya juya ta, ya miƙa masa ya ce, "Tana da kaifi. Je ka yanko gora, muna buƙatar tsintsiya." Bai tambaye shi ta mece ce ba. Da tsintsiyar da ya haɗa aka sa shi ya share wani fili siriri tsakanin itatuwa biyu, tsawon taku ashirin da biyu. Tsohon ya ce ya harɗe hannu a gaba, ya sauke ido ƙasa, ya tafi, ya tsaya, ya juyo, ya dawo. In ya ɗaga ƙafa ya san ya ɗaga, in ya ajiye ya san ya ajiye. In zuciya ta gudu wajen ɓarawon, kada ya zage ta, kada ya bi ta, ya dawo da ita tafin ƙafa kawai. In ya gaji ya zauna ya lura da iska a bakin hancinsa, shigarta da fitarta. Su akwai kalmar da suke maimaitawa tare da numfashin. Kawu ya ce shi ba zai faɗe ta ba. Tsohon ya ce, "To faɗi taka." Sai ya riƙa jan numfashi da la'ilaha, yana sakinsa da illallah.

Ya ce satin farko ya kashe abokin nan sau ɗari a tsakanin itatuwan biyu. Ya je ya kai ƙara wajen tsohon cewa abin ba ya aiki, ga sauro sun cinye shi. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Sauro ya sha ya tashi. Kai ne ka zauna kana ta cizon wurin." Ya kuma ce masa kada ya nemi fushin ya tafi, ya dube shi kawai: a ina yake a jiki, a ƙirji ne ko a muƙamuƙi, da wane lokaci yake ƙaruwa, da wane lokaci yake gajiya. Kawu ya ce da ya tsaya ya duba sai ya ga ashe fushin ba dutse ba ne, zuwa yake yana komawa, shi ne yake ta kiransa. Da damina ta ɗauke ya bar dajin, bai sake neman mutumin ba. Wuƙar ce wadda yake yanka aswaki da ita.

To a saman rufinmu ma ya auna taku ashirin da biyu, daga tankin ruwa zuwa katanga. Kullum bayan La'asar zai share wurin tas, ya harɗe hannu, ya yi ta kai da komo har a kusa kiran Magariba. Simintin wurin har ya yi santsi, ya fi sauran duhu. A nan maƙwabciyar tamu ta hango shi. Mutumin Makka in ya ga ana kai da komo tsakanin wuri biyu, abu ɗaya ne yake faɗo masa. Ta zauna a taga tana ƙirgawa, ko zai tsaya a bakwai. Kafin sati ya zagayo labari ya cika layi: tsohon nan ya yi wa kansa Safa da Marwa a saman bene. Wasu suka ce ai dama ya zauna da masu bautar gumaka. Da na gaya masa, dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Ki ce mata ta ci gaba da ƙirgawa, ita ma za ta samu natsuwa."

Ba zan manta ranar da aka bugo daga Kano aka ce mahaifiyata ta rasu ba. Malam yana tsakiyar jarrabawa, babu maganar tafiya. Na yi ihu har muryata ta dishe, mata suka cika ɗaki suna ce min haramun ne, in yi haƙuri, in yi haƙuri. Kawu, wanda ƙanwarsa ce ta mutu, ya leƙo ya ce, "Uwata, zo." Na bi shi sama. Bai ce min ko uffan a kan haƙuri ba. Tsintsiya ya miƙo min. Na share ina kuka, ya sa ni a gaba muka yi ta tafiya, ni a gaba shi a baya. Can ya ce, "Kada ki hana shi. Duba shi kawai, a ina yake?" Na ce a maƙogwaro. Ya ce, "To bar shi a maƙogwaron, kada ki ɗauke shi ki kai Kano." Da na juyo a bakin katanga sai na ga gemunsa sharkaf da hawaye, yana tafiyarsa a hankali kamar kullum. Ranar na san ba rashin ji ne yake sa shi shiru ba.

Abu ɗaya ne na san yana tsoro, shi ma da bakinsa ya faɗa min. Ya ce masu zuhudun nan kullum sai sun zauna sun tuna jiki: gashi, farce, haƙori, fata, su ce duba abin da kake ta faɗa a kansa. Ya ce ya yarda, jiki aro ne. "Amma Uwata, na ga takari da yawa sun faɗi a hanya, an kai su asibiti an sa a firjin gawa, an rubuta ba a san shi ba, wata da watanni babu mai zuwa ya ce nawa ne. Tsohon Daji zai ce har yanzu ina riƙe da wani abu. To ina riƙe. Kada ki bar ni a firji. A sallace ni a Harami, kuma a samu nawa a wurin ko mutum ɗaya ne." Na ce, "Haba Kawu, ina raye?" Haka na ce masa, da wannan bakin nawa.

Rigimarsa da Malam a wajen cin abinci ta faru, ranar wata Juma'a. Malam ya gayyato abokan karatunsa uku cin abinci, ya ce a kira Kawu. Ashe zama ne na titsiye. Ina bayan labule ina jin komai. Malam ya ce, "Kawu, mutane suna magana. Ka taɓa rusuna wa gunkinsu?" Ya ce bai taɓa ba, ko zauren da gunkin yake bai shiga ba, a waje yake zama. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Amma ka ci abincinsu." Kawu ya ce, "Na ci abincin da aka ba marar lafiya." Suka ce to me ya rasa a Musulunci da sai ya je ya aro a wajen kafirai. Da ya yi shiru a nan, da an wuce wurin. Amma Kawu ba ya iya rage gaskiya don a ji daɗi. Ya ce, "Ban rasa komai ba, Malam, ni ne ban iya ɗauka ba. Shekara arba'in ina salla, jikina a sahu, kaina a kasuwa. Sai da na je wajen waɗanda ba sa salla na gane ban taɓa halartar tawa ba."

Tirƙashi. Malam ya miƙe tsaye, ya ce wannan magana ta isa a nemi mutum ya tuba. Sannan ya ɗaga murya ya kira ni, ya ce, "Ke kin fi kowa hawa saman nan. Za ki iya rantsuwa abin da yake yi ba ibadarsu ba ce?" Maza huɗu masu karatu suna jira, ni ko sakandare ban gama ba. Na san amsar. Na ga mutumin nan yana salla kamar an dasa shi. Amma na ce, "Allah ne masani." Kawu ya wanke hannunsa, ya ce an gode da abinci, ya hau sama. Daga ranar liman ya daina ba shi hannu, aka daina matsa masa a sahun gaba, 'yan layi suka koma sayen aswaki a wani wuri. Malam ya hana yarana hawa rufi. Ni na ci gaba da kai masa abinci, kuma ko sau ɗaya bai tayar min da maganar ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Mutum ɗaya ne bai canza masa ba, wani tsohon tela da muke kira Ammu, Bafatane, wato jikan Musulmin kudancin Tailan da suka zauna a Makka tun da daɗewa. Duk Juma'a Kawu yana shagonsa suna shan shayi suna yaren can. Ba wai sun yarda da juna ba ne. Ammu ba ya son labarin masu zuhudun nan ko kaɗan, kullum sai sun yi musu, Juma'a ta zagayo kuma su koma.

Ranar wata Talata Kawu ya tafi kasuwar Zahir saro aswaki, bai dawo ba. A rana ta uku wani abokin sana'arsa ya zo ya ce ya faɗi a bakin titi, motar asibiti ta ɗauke shi. Wata 'yar garinmu da ke aikin goge-goge a asibitin ta duba mana, ta ce akwai tsoho baƙi a firji, ba takarda, an rubuta ba a san shi ba, da tabon ƙuna a ƙaurinsa na hagu. Shi ne. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: wani mai takarda ya je ya ce na san shi, ya sa hannu, a bi sauran matakai.

Malam yana da iƙama, ni ma ina da ita a ƙarƙashin tasa. Na ɗauko mayafi na ce mu tafi. Ya ce in zauna. Ya ce in ya sa hannu za a tambaye shi ina mamacin yake zaune, in aka ce a benenmu za a ce mun ɓoye marar takarda, karatunsa na digirin ƙarshe ya tafi, a kwashe mu da yara a mayar Najeriya, yaran da ba su san kowa a can ba. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma da a nan ya tsaya da na tausaya masa. Amma sai ya gyara zama ya ce, "Bayan haka ma, ni ba zan shaidi abin da ba ni da tabbas a kansa ba. Ban san a kan me ya cika ba." Kun ji fa. Tsoro ne ya kama shi, ya ɗauko rawani ya naɗa masa. Na ce to ni zan je, kawuna ne. Ya ce, "In kika taka ƙofar asibitin nan, a bakin aurenki."

Na zauna. Wannan ita ce gaskiyar da na ɗauki biro dominta. Na cire mayafin na ninke. Kwana na huɗu na yi wanki. Na biyar na gaya wa kaina ai Malam zai sauko. Na shida na ce ai Kawu da kansa ya ce jiki aro ne. A na bakwai Ammu ya zo ƙofa yana dogara sanda, ya ce Juma'a ta wuce bai ga abokinsa ba. Ina bayan labulen nan dai, na ji Malam yana ce masa, "Ba mu da labari tabbatacce tukuna." Na buɗe baki, na rufe. Sau biyu ke nan labule ɗaya.

A rana ta takwas bayan La'asar na hau sama. Ƙura ta rufe hanyar Kawu, tsintsiyarsa na jingine da tanki. Na share, na harɗe hannu, na fara tafiya. Ban samu wata natsuwa ba, kada in yi muku ƙarya. Abin da na samu shi ne na duba abin da ke ƙirjina kamar yadda ya koya min, na ga ba biyayyar aure ba ce, ba tawakkali ba ne. Tsoro ne tsirara, irin na Malam, nawa ma ko rawani babu. Washegari da safe, da Malam ya fita makaranta, na ɗauki iƙamata na tari mota.

Ma'aikacin asibitin ya duba na'urarsa ya ɗago ya ce, "Ya hajja, an ɗauke shi jiya da safe. Wani dattijo ya zo ya shaida shi. An yi masa salla a Harami bayan Azahar, an binne." Na ce jiya? Ya ce jiya.

Daga nan shagon Ammu na wuce. Ya ce da ya bar ƙofarmu sai ya bi masu aswaki ɗaya ɗaya har ya gano. Ya ce, "'Yata, mijinki ya ce ba ku da tabbas. Ni ina da shi. Mutanen dajin nan ba nawa ba ne, mun sha faɗa da kawunki a kansu. Amma shekara goma sha tara ina salla kafaɗa da kafaɗa da shi." Shi ya tsaya aka yi wa Kawu wanka, shi da 'ya'yansa suka ɗauka. An yi masa tambayoyi a ofis na rabin yini, aka sallame shi. Na ce don me bai aiko mana ba. Ya dube ni da mamaki, ya ce ai ya buga wa Malam waya tun da safe, ya faɗa masa lokacin sallar. Sannan ya buɗe aljihun keken ɗinkinsa ya miƙo min wuƙar, a naɗe da ƙyalle.

Da na koma gida na tambayi Malam. Bai musa ba. Ya ce ya je Harami, ya tsaya a cikin jama'a, ya sallace shi, yana jiran in natsu ne ya faɗa min. Na ce, "Ai kuwa, salla ba a sa hannu." Ya ce in iya bakina, sannan ya tambaye ni daga ina nake. Na ce daga asibiti. Saki ɗaya ya faɗa kaina a kan gawar da ba ta nan. Da yamma ya aika aka kawo kujeru, don kada layi ya ce ba a yi wa dattijon gida zaman makoki ba. A rana ta uku, bayan an kwashe kujerun, ya tsaya a ƙofar kicin ya ce ya mayar da ni. Na ce na ji. Ina nan a gidan, ina dafawa ina wankewa, don yarana a nan takardunsu suke.

Na so in ce laifin Malam ne kaɗai, ko na liman, ko na mai leƙen taga. Suna da nasu kason kuma ban yafe ba tukuna, Allah Ya sani. Kawu zai ce in duba fushin, in ga yana zuwa yana komawa. Ina dubawa kullum bayan La'asar, daga tanki zuwa katanga, maƙwabciyar tana taga ta koma ƙirgawa. Fushin da nake yi da su yakan gaji ya kwanta. Wanda nake yi da kaina ne ba ya motsi.

Don daga kicin ɗina ana jin lasifikar Harami in iska ta juyo. Ranar nan ta takwas, bayan sallar Azahar, na ji an yi kiran salla ga mamata kamar yadda ake yi bayan kowace salla. Ina tace shinkafa. Na ce Allah Ya jiƙan Musulmi, ban ko ajiye matacin ba. Tafiyar da ke tsakanina da shi a lokacin ba ta kai ta zuwa kasuwa ba. Mutum ɗaya nasa ya roƙa, aka samu dubbai, babu nasa sai wanda ya ƙi shi.

Ya Allah, Kai Ka san a kan me bawanKa ya cika, ba Ka buƙatar sa hannun kowa. Ka yalwata masa inda yake kwance, Ka saka wa tsohon telan da ya tsaya masa, Ka ba Kawu maƙwabtan da suka fi mu.

Kawu, shekara da shekaru kana tambayata ina ƙafata, ina ce maka ban sani ba. Ranar na sani sarai. Tana kan tayil ɗin kicin, gaban tukunya, da sanyi, lafiyarta ƙalau.